Maɓalli Ɗaya Ya Lalace, Kada A Jefar Da Kibod

Masu shagunan buga takardu, ɗalibai da matasa masu wasannin kwamfuta sun fara rungumar kibod mai makunni, wato wanda kowane maɓalli nasa yake da makunni na kansa a ƙarƙashi. Ya fi kibod na roba tsada, amma ana iya gyara shi maɓalli bayan maɓalli. Abin takaici, mutane da yawa ba su san haka ba. Da harafi ɗaya ya daina fita, ko ya riƙa fitowa sau biyu, sai a tura kibod ɗin lungu a sayo sabo.

Makunnin da ya fi shahara shi ne Cherry MX, wanda aka fara ƙerawa a Jamus a shekarun 1980, kuma kamfanoni irin su Gateron da Kailh suna yin nasu a kan siffarsa. A cikin kowanne akwai sifirin, da ɗan sandan da ke sauka idan an danna, da siraran ƙarafa biyu da ke haɗuwa su aika saƙo. Ana ƙera shi don ya jure dannawa miliyan 50 ko fiye. Saboda haka ba kasafai tsufa ke kashe shi ba. Ƙura, musamman ta lokacin hunturu, da ɓurɓushin abinci, da shayi ko lemon da ya zube, su ne ke shiga tsakanin ƙarafan su hana su haɗuwa da kyau.

Kafin a taɓa sukudireba, a tabbatar da inda matsalar take. A jona kibod ɗin a wata kwamfutar, ko a sauya waya. Idan maɓallai da yawa a jere ɗaya suka mutu tare, laifin ba na makunni ba ne, hanyar wuta ce ta yanke a fanel ɗin ciki, kuma wannan aikin ƙwararre ne. Idan maɓalli ɗaya ne kawai, sai a fara da tsaftacewa.

A zare kibod daga kwamfuta, in kuma mai batir ne a kashe shi. A cire hular maɓallin, a ja ta sama a miƙe ba tare da murɗawa ba. A danna sandan ƙasa, a hura iska, sannan a ɗiga ɗigo biyu ko uku na sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 ko sama, a yi ta dannawa na ɗan lokaci, a bar shi ya bushe sarai. Kada a zuba ruwa, fetur, kananzir ko man keke. Wasu suna cin roba, wasu kuma ƙura suke tarawa.

Idan tsaftacewa ba ta yi magani ba, sai canji. A nan kibod iri biyu ne. Akwai wanda ake zare makunninsa ba tare da narka dalma ba: a matse 'yan haƙoran da ke sama da ƙasansa da abin zarewa, a ɗaga. Wajen sa sabon, a duba ƙafafunsa biyu na ƙarfe sun miƙe, domin lanƙwasasshiyar ƙafa ce ke yawan sa sabon makunni ya ƙi aiki. A tallafi fanel ta baya in zai yiwu, kada a tura da ƙarfi har soket ɗin da ƙafafun ke shiga ya ɓalle.

Iri na biyu shi ne wanda aka liƙe ƙafafun da dalma. Bayan an buɗe shi, akwai gwaji mai sauƙi: a jona kibod, a haɗa ƙafafun biyu da bakin hantsaki na ƙarfe. Idan harafin ya fito, makunni ne ya mutu. Idan bai fito ba, a duba diyod ɗin da ke kusa, ko hanyar wutar. Sai a sake zare waya, a narka dalmar da zafin da ya kai kimanin digiri 350, a zuƙe ta gaba ɗaya kafin a ture makunnin. Wanda ya fizge shi alhali dalma ba ta fita ba zai ɗaye tagullar fanel, ƙaramin gyara ya koma babba. A yi aikin inda iska ke shiga, a wanke hannu bayan an gama, domin yawancin dalmar liƙi tana da guba.

In babu sabon makunni a kusa, a ɗauko na maɓallin da ba a cika amfani da shi ba, kamar Scroll Lock ko Pause. Wajen saye kuwa, a tafi da tsohon a hannu don a dace da irinsa da launinsa, domin makunni mai aiki da haske ko maganaɗisu ba ya shiga gurbin na ƙarfe.

Wanda bai taɓa riƙe ƙarfen narka dalma ba kada ya koya a kan kibod mai tsada. Masu gyaran waya da rediyo, irin waɗanda ke kasuwar Farm Centre a Kano, suna yin liƙin da ya fi wannan ƙanƙanta kullum. A kai musu kibod ɗin tare da makunnin da za a sa, a kuma riƙa rufe kibod da ƙyalle duk lokacin da aka tashi daga aiki.