Yadda ake ɗora wa ganga makirufo ba tare da an kashe mata murya ba

Duk hadimin da aka taɓa ɗora wa nauyin shirya liyafar ban kwana ko walimar auren 'yar maigida a Abuja ya san wannan lokaci. An gama jawabai, an kira makaɗa, sun shigo da kalangu da kurya. Da sandar kiɗa ta sauka, sai lasifika ta kwarma ihu mai tsini, manyan baƙi suka toshe kunne. Aka rage sauti, sai muryar mawaƙi ta nutse a ƙarƙashin ganguna. Kuɗin hayar kayan sauti ya riga ya fita, kuma idon maigida ba zai nemi injiniya ba, hadiminsa zai nema.

Mafi yawan lokuta laifin na makirufon da aka zaɓa ne da wurin da aka dasa shi. Ganga ba ta magana a hankali kamar mutum. Bugu ɗaya kan fito da ƙarfinsa duka cikin ƙiftawar ido, kuma a bakin fata ƙarar kan wuce desibel 120. Shi ya sa masu sana'ar suka fi aminta da makirufo nau'in dainamik, wanda ke aiki da maganaɗisu da naɗaɗɗiyar waya, ba ya buƙatar wuta, yana kuma jure duka da faɗuwa. Fitacce a cikinsu shi ne Shure SM57 da ya fito a 1965. Ma'aikatan fadar gwamnati za su so jin cewa irinsa ne ake ɗorawa a mumbarin shugabannin Amurka tun zamanin Lyndon Johnson. Babbar ganga mai gurnani kuwa tana son makirufo da aka ƙera domin sauti mai kauri, kamar AKG D112 ko Shure Beta 52A. Ɗaya nau'in, wato kondensa, ya fi kunne mai kaifi, amma sai an ba shi wutar bolt 48 daga miksa, kuma wurinsa shi ne sama da kawunan makaɗa, inda zai kwaso caki da tafi da amon rukunin gaba ɗaya.

Ga gangar da ke zaune wuri ɗaya, ƙa'idar ba ta da wuya. A kafa makirufon kusa da baki, tazarar yatsu biyu zuwa uku daga fata, a karkata kansa ya dubi tsakiya, a kauce wa hanyar hannu da sanda. Matso da shi yana ƙara kauri, ja da shi baya yana shigo da amon ɗaki. Irin waɗannan makirufo kurame ne ta baya, don haka bayansu ake juya wa lasifikar da ke gaban makaɗa. Rashin kula da wannan shi ne asalin ihun nan da ke tsorata baƙi.

Sai dai littattafan da ke zuwa da kayan nan an rubuta su ne da gangunan Turawa a zuciya, waɗanda ake kafawa a kan ƙarfe ba sa motsi. Kalangu ba haka yake ba. Yana rataye a kafaɗa, makaɗi na matse igiyoyinsa a hammata yana sassautawa domin ya hau ya sauka kamar harshe, kuma mai shi ba ya tsayawa: zai durƙusa gaban wanda ake wa kirari, ya juya, ya bi mawaƙi. Duk wanda ya kalli tsofaffin bidiyon Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya san makaɗan kalangu ba mutanen da ake kafewa a wuri ɗaya ba ne. Makirufo a kan sanda zai ji su yanzu, ya rasa su an jima. Mafita ita ce ƙaramin makirufo mai matsewa da na'urar aika sauti ba waya, a maƙala shi a da'irar baki ta ɓangaren da sanda ba ta sauka. Kada a kuskura a maƙala shi a igiyoyi. Yin haka na hana su motsi, kuma kalangun da igiyarsa ba ta motsi ya zama bebe. Idan babu irin wannan, a sa makirufo ɗaya daidai ƙirji, a yi wa makaɗi alama a ƙasa, a roƙe shi ya riƙa dawowa.

Kotso, irin wanda Narambaɗa da Musa Ɗankwairo suka yi suna da shi, buɗe yake ta ƙasa, kuma ta nan kaurin sautinsa ke fita. Wasu kan sa makirufo biyu, sama da ƙasa. A nan akwai tarko: sa'ad da fata ke nisantar na sama, tana kusantar na ƙasa, sai sautukan biyu su cinye juna, ganga ta koma siririya. Maɓalli ɗaya ne a miksa mai juya fuskar sauti, mai alamar sifili da aka ratsa. Danna shi a layi guda yana dawo da komai. Haka kuma idan makaɗa na jere, tazarar da ke tsakanin makirufo biyu ta kai ninki uku na tazarar kowanne da gangarsa. A ganina, makirufo uku da aka dasa daidai sun fi takwas da aka watsa domin burge mai biyan kuɗi.

Kiɗan ƙwarya na amada, wanda Barmani Choge ta ɗaukaka, yana da nasa haɗari, domin ƙwaryar kife take a kan ruwa kuma ruwan na fantsama. A ɗaga makirufon sama, a sa masa hular soso.

Batun kulawa ya fi shafar ofisoshin da suka sayi kayansu suka jibge a sito. Abuja na da maƙiyan makirufo biyu: ƙurar hunturu da laimar damina. Ƙura na maƙalewa a tantanin ciki ta dusashe sauti, laima kuma na sa kondensa tartsatsi. A ajiye kowanne a jakarsa tare da ƙunshin silika mai tsotse laima, irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi. Kan raga na makirufon da ke kwancewa ana iya wanke shi da ruwan sabulu, amma sai ya bushe sarai kafin a mayar, kuma ruwa ba ya taɓa cikin. A cire batir daga marar waya bayan taro. Kada a bar kaya a but ɗin mota cikin zafin Maris. Waya kuma ba a naɗe ta a gwiwar hannu kamar igiyar rijiya, domin daga ciki take tsinkewa.

Al'adar nan ta masu gabatarwa, ta hura iska a makirufo ko buga masa yatsa don a ji ko yana aiki, ta cancanci a hana ta da takarda. Magana ta isa gwaji. Lasifika ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa, musamman in za a koma kan janareto. Jabun SM57 kuma sun yawaita a kasuwa, don haka farashin da ya yi arha fiye da kima abin tambaya ne ga jami'in sayayya.

Abin da ya rage ga hadimi shi ne ya sa gwajin sauti a jadawalin taro, ya tabbatar makaɗan da kansu sun zo sa'a guda kafin baƙi da gangunan da za su kaɗa, sa'annan ya je kujerar ƙarshe ta zaure ya saurara ko yana rarrabe kalmomin mawaƙi.