Ruwan zafin Tafadek: a auna kwalba kafin a gina rijiya

A arewacin Agadas, cikin duwatsun Abzin, maɓuɓɓugar Tafadek take, inda masu ciwon gaɓoɓi ke zuwa wanka. Wanda ya sha duhu a 2023, sa'ad da Nijeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, yana da hujjar tambaya: shin wannan zafi zai iya juya injin wuta?

Hannu ba ya ba da amsa, don ruwa na hucewa a hanyarsa ta hawowa. Masana sukan ɗebi kwalba su kai ɗakin bincike. Gwargwadon zafin da ruwa ya tarar a ƙarƙashin ƙasa, gwargwadon sinadarin silika da ya narkar daga dutse. Awon sodiyom da fotasiyom ma yana nuna zafin can ƙasa. Nau'o'in oksijin da haidirojin masu nauyi kuwa su ke faɗin asalinsa: ko ruwan sama ne da ya nutse, ko ya daɗe yana dahuwa cikin dutse.

A nan gizo ke saƙa. Zafin ƙasa na ƙaruwa da kimanin digiri 30 a kowace kilomita, saboda haka ruwan damina da ya gangara kilomita 2 zai fito da zafi ba tare da wata taskar tururi ba. Ya isa wanka, bai isa tashar wuta ba.

Kenya, wadda ta buɗe tashar Olkaria a 1981, a kan duwatsu masu aman wuta ta haƙa nata rijiyoyin. Rijiya guda irin wannan tana cin miliyoyin dala.