Makoki A Ƙarƙashin Teku: Darasin Da Ke Cikin Wasu Wasannin Kwamfuta

Da zarar an ambaci wasannin kwamfuta a gaban iyaye, abin da ke zuwa musu a rai shi ne ƙwallo da tseren mota da harbe-harbe, sai kuma yaron da ya manta da littafinsa saboda allon waya. Wannan damuwa tana da tushe, kuma a matsayina na malami ina ganin illarta a aji. Sai dai akwai wani reshe na wannan sana'a da labarinsa bai cika iso mana ba, wanda ya ɗauki abubuwa biyu masu nauyi ya mayar da su jigonsa: baƙin cikin rashi, da halin da tekunan duniya suka shiga. Ina so mai karatu ya biyo ni mu duba dalilin haɗuwar jigogin nan biyu, da inda haɗin ya yi kyau, da kuma inda nake ganin yana da haɗari.

Bari mu fara da Spiritfarer, wanda kamfanin Thunder Lotus na birnin Montreal a Kanada ya fitar a 2020, lokacin da annobar korona ta hana mutane da yawa yin bankwana da mamatansu. Mai wasa yana riƙe da wata budurwa, Stella, wadda aka danƙa wa jirgin ruwa domin ta riƙa ɗaukar rayukan mamata tana kai su ƙofar ƙarshe. Babu yaƙi a ciki. Aikin shi ne gina wa fasinja ɗaki, dafa masa abincin da yake so, sauraron labarinsa, da rungumarsa idan ransa ya ɓaci. Akwai wata tsohuwa, Alice, mai siffar bushiya, da gigin tsufa ke cinye tunaninta a hankali har ta riƙa ɗaukar Stella a matsayin 'yarta. Akwai kawunta Atul, mai siffar kwaɗo, wanda ake wayar gari a tarar ya tafi ba sallama. Daga baya ake gane cewa Stella ma'aikaciyar jinya ce mai kula da waɗanda ajalinsu ya kusa. Ya kamata iyaye su sani cewa hoton lahira da ke cikin wasan daga tatsuniyoyin Girkawa aka aro shi, bai yi daidai da aƙidarmu ba. Amma hidimar jinya da ke cikinsa, duk wanda ya taɓa kwana a gefen gadon majinyaci zai shaida ta.

Na biyu shi ne Rime, na kamfanin Tequila Works na birnin Madrid, wanda ya fito a 2017. Yaro ne ya farka a wani tsibiri bayan guguwa, yana ta neman hanya. Sai a ƙarshe ake fahimtar cewa yaron ya riga ya nutse a teku, tafiyar gaba ɗaya kuwa ta mahaifinsa ce da ke kokawa da rashin. An jera matakan wasan bisa matakan makoki biyar da likita Elisabeth Kübler-Ross ta bayyana a 1969: ƙin yarda, fushi, neman sulhu, ƙunci, sannan sallamawa.

Ta ɓangaren tekun kanta kuma akwai Abzû, wanda kamfanin Giant Squid na Amurka ya fitar a 2016 ƙarƙashin jagorancin Matt Nava. Ba a furta ko kalma ɗaya a cikinsa. Mai nutso ne ke ratsa dubban kifaye irin waɗanda ke akwai a zahiri, yana tarar da wuraren da wasu injuna suka tsotse wa rai, yana farfaɗo da su. Sai kuma Beyond Blue na 2020, wanda E-Line Media suka yi da haɗin gwiwar BBC da OceanX, tare da gudummawar masana teku irin su Sylvia Earle. Jarumarsa Mirai tana bibiyar wani dangin wel, wato manyan dabbobin nan na teku masu shayarwa, yayin da a gida kakarta da ta koya mata son ruwa ke fama da ciwon mantuwa. Ga teku na rasa halittunta, ga kaka na rasa tunaninta, ita kuwa jikar tana tsakani.

Me ya sa masu ƙirƙira daga ƙasashe daban-daban suke komawa ga teku idan za su yi maganar rashi? A ganina dalili na farko yana cikin yanayin ruwan kansa. Wanda ya nutsa ba ya iya magana, motsinsa na yin nauyi, sautin duniya na nisa da shi, kuma haka mai makoki yake ji a kwanakin farko. Dalili na biyu shi ne tekun da gaske tana cikin rashi. Babban shingen murjani na Ostiraliya ya fuskanci ƙoɗewa mai faɗi a 1998 da 2002 da 2016 da 2017 da 2020 da 2022 da 2024. Abin da ke faruwa shi ne idan ruwa ya yi zafi fiye da ƙima, murjani yakan kori ƙananan tsirran da ke zaune a jikinsa suna ba shi abinci da launi, sai ya yi fari fat, idan zafin ya daɗe ya mutu. Masanin murjani Terry Hughes ya faɗa a 2016 cewa da ya nuna wa ɗalibansa sakamakon bincikensu, kuka suka yi tare. A 2018 duniya ta zuba ido kan wata uwar wel da ake kira Tahlequah a gaɓar yammacin Amurka da Kanada, tana tura gawar jaririnta har kwana 17. A wannan shekarar ce Ashlee Cunsolo da Neville Ellis suka wallafa maƙala a mujallar Nature Climate Change kan baƙin cikin da mutane ke shiga idan muhallinsu ya lalace.

Wasa yana da wani abu da littafi da fim ba su da shi. Mai kallon fim ɗan kallo ne, mai wasa kuwa da hannunsa ake yin komai. Wanda ya shafe sa'o'i yana dafa wa Alice abinci, shi ne kuma zai tuƙa kwalekwalen da zai kai ta inda ba a dawowa. Gani ya kori ji, amma yi ya kori gani. Matashin da bai taɓa taka bakin teku ba zai iya fitowa daga Beyond Blue yana jin ciwon halittar da a da ko sunanta bai sani ba, kuma ba a kare abin da ba a ji ciwonsa ba.

A nan ne kuma haɗarin yake. Makokin mutum da makokin teku ba ƙarshe ɗaya suke da shi ba. Idan mutum ya rasu, hikima ita ce haƙuri da sallamawa, domin babu abin da zai dawo da shi. Shi ya sa mahaifin da ke cikin Rime ya saki ƙyallen rigar ɗansa iska ta tafi da shi. Teku kuwa ba ta mutu ba, jinya take yi, kuma hannun ɗan Adam ne ya kwantar da ita: ɗumamar yanayi, kamun kifi fiye da ƙima, da tarin leda da robobi. Wanda ya ɗauko darasin sallamawa ya ɗora a kan teku ya yi wa mai rai zaman makoki. Ta ɗaya gefen, Abzû yana farfaɗo da matacciyar teku cikin daƙiƙu da danna maɓalli guda, alhali murjanin da ya ƙoɗe yana buƙatar shekara goma ko fiye kafin ya murmure, idan ma wani zafin bai sake riskarsa ba. Wasan da ya sa ka zubar da hawaye ka ji kamar ka sauke nauyi, ya yi maka rabin aiki ne kawai.

Wani zai ce, mu da ke nesa da gaɓa, ina ruwanmu da teku? Ruwanmu kuwa daga can yake zuwa. Iskar damina da ke kawo mana hadari daga tekun Atilantika take tasowa. Binciken Alessandra Giannini da abokan aikinta a mujallar Science a 2003 ya danganta farin da ya addabi yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980 da sauyin zafin ruwan tekuna. Teku ce ke shanye kusan kashi 90 cikin 100 na rarar zafin da ɗumamar yanayi ke haifarwa. Manomin gero a Katsina ko Maraɗi yana da rabo a lafiyarta ko ya sani ko bai sani ba. Baƙin cikin rasa ruwa ma ba baƙo ba ne a wurinmu. A tambayi masuntan Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 kafin ya ja baya ƙwarai.

Shawarata ga iyaye da malamai ita ce kada a tsaya ga tambayar awa nawa yaro ya yi yana wasa, a haɗa da tambayar wane wasa yake yi. A zauna da shi a tambaye shi wa ya mutu a ciki, me ya ji, kuma wane ne har yanzu ake iya ceto. Ga matasanmu masu koyon ilimin kwamfuta kuwa, kamfanonin da suka yi waɗannan wasanni ba manya ba ne, kuma labarin masuncin da tafki ya gudu ya bari bai gaza na kowa nauyi ba. Abin da nake fatan yaro ya fito da shi daga irin wannan wasa shi ne iya bambance gawa da majinyaci. Gawa addu'a da haƙuri take buƙata, majinyaci kuwa magani yake jira, kuma jinkiri a kansa laifi ne.