Da Gaske Ne Ciwon Daji Ba Ya Son Ƙarfe?

A Gaya da Ajingi, kamar sauran ƙasar Hausa, akwai gargaɗin da ake yi wa duk wanda ƙari ya fito masa: kada ka yarda a sa masa ƙarfe, daji ba ya son wuƙa, ba ya son allura, da an taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Maganar nan tana da asali. Mutane sun ga wanda aka yi wa tiyata, bayan 'yan watanni ciwon ya dawo, ya rasu. Abin da suka gani gaskiya ne, fassarar ce ke da gyara. Su kansu likitoci sun daɗe kafin su gane bakin zaren.

A ƙarshen ƙarni na 19, William Halsted, likitan tiyata a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, ya ɗauka sankarar mama rarrafe take yi daga inda ta tsiro, kamar saiwar bishiya. Don haka sai ya riƙa cire maman duka, da naman ƙirji, da kaluluwar hammata. Ciwon ya rage dawowa a wurin da aka yanke, amma mata da yawa sun ci gaba da mutuwa, domin ƙwayoyinsa sun riga sun bi jini zuwa huhu ko hanta ko ƙashi tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Gwajin da Bernard Fisher ya fara a 1971 ya nuna cewa ƙara yawan yanka ba ya ƙara tsawon rai. Kun ga ke nan, ba wuƙar ce ta baza ciwon ba, makara ta yi. Ƙarin da aka tara da wuri, har gobe tiyata na warkar da shi.

To, me zai bi ciwon inda wuƙa ba ta isa? Amsar farko daga fagen yaƙi ta fito. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an lura cewa sojojin da suka shaƙi wata iskar guba, fararen ƙwayoyin jininsu sun ragu ƙwarai. A 1942, Louis Goodman da Alfred Gilman na Jami'ar Yale suka sa aka gwada ɗan'uwan wannan sinadari a kan wani mai sankarar kaluluwa. Ƙarin ya narke, daga baya ya dawo. Duk da haka an ga abin da ba a taɓa gani ba. Wannan ne mafarin abin da ake kira kemo a asibitocinmu.

Yadda yake aiki ba wuya a fahimta. Maganin yana kashe ƙwayoyin halittar da ke saurin rabuwa. Na sankara suna ciki, haka ma na tushen gashi da na cikin baki da na ɓargo. Shi ya sa gashi ke zubewa, baki ya yi gyambo, jiki ya yi laushi.

Wani babban ɓangare na labarin nan a Afirka ya faru, kuma ba a cika faɗa mana ba. A 1958, Denis Burkitt, likitan tiyata a asibitin Mulago da ke Kamfala a Yuganda, ya wallafa bayanin wani ƙari da ke kumbura muƙamuƙin yara. A 1961 ya shiga mota da abokan aikinsa biyu, suka yi tafiyar kusan mil 10,000 suna bin asibitoci suna tambaya: kuna ganin irin wannan? Taswirar da ya haɗa ta nuna ciwon ya fi yawa inda ake da zafi da ruwan sama, wato inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1964 kuma aka gano ƙwayar bairos ta Epstein-Barr a cikin irin wannan ƙarin.

Burkitt mai wuƙa ne, amma wuƙa ba ta yi masa rana ba a nan, domin ƙarin kan ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa yana cikin ciki ma. Wannan gaggawar tasa ita ce lagonsa. Da aka gwada maganin saikilofosfamaid, wasu yaran allura ɗaya ko biyu kawai aka yi musu, kumburin ya sace, bai kuma dawo ba. A Ibadan ma an yi wannan aiki a hannun Victor Anomah Ngu, likitan tiyata ɗan Kamaru, wanda a 1972 yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker tare da Burkitt. Af, ƙwayoyin Raji da ake raino a ɗakunan gwaje-gwaje na duniya har yau, daga wani yaro ɗan Nijeriya aka samo su a Ibadan a 1963.

Mu dawo gida, inda sauro ba baƙo ba ne da damina. Yaro ɗan shekara biyar zuwa goma, muƙamuƙinsa ko gefen idonsa ko cikinsa ya kumbura yana ƙaruwa kullum, haƙoransa suna girgiɗi, galibi ba wani zafi: ba lallai hangum ba ne ko ciwon haƙori. A ganina, kai shi ga wanzami a yi masa sakiya ɓata kwanakin da ba a da su ne. A kai shi Babban Asibitin Gaya, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ƙarfen da za a sa masa a can ɗan kaɗan ne, na ɗibar abin da za a duba a madubin likita. Kemon kuma a kwance ake fara shi tare da ƙarin ruwa, domin idan ƙari ya narke da sauri yakan wahalar da ƙoda.

Inda aka fi samun cikas shi ne bayan zagayen farko. Fuskar yaro ta koma daidai, kuɗin mota ta Wudil ya yi nauyi, ga aikin gona na jira, sai a ce ai ya warke, a daina zuwa. Ƙwayoyin da suka rage a jiki su ne waɗanda suka jure wa maganin, kuma idan suka sake tasowa, allurar da ta yi aiki a karon farko ba lallai ta sake yi ba.