Katako da Iska a Bakin Ruwan Yauri

Mutumin Yauri da jirgi yake kwana, da shi yake tashi. Jirgi ke ɗauko albasar gungu ya kawo ta kasuwa, shi ke kai masunci inda ya zuba taru, shi ke haye da mara lafiya zuwa asibiti. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, Kwara ta bazu ta zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ta cinye tsohuwar Bussa da gungaye da dama, har aka sake wa mutane wajen dubu 44 matsuguni. Ruwa ya yi faɗi, igiyarsa ta ƙara ƙarfi, manyan itatuwan da ake fafewa a yi kwalekwale kuma suka yi ƙaranci. Yau daga Shanga har Wara ta ƙasar Ngaski, jirgin falankai ne ke riƙe da Gungawa da Sarkawa da Kambari da duk mai harka da ruwa.

Wanda ya je inda ake haɗa jiragen nan, ƙarar guduma da zarto ce za ta fara tarbarsa, sai warin kwalta. Maigida na auna falanki, yara na miƙe ƙusa, wani na cusa tsumma a tsakanin katakai. Ba kowa ke kula da tarin katakon da ke gefe ƙarƙashin rumfa ba. Alhali a nan ake yanke yawan shekarun da jirgi zai yi a ruwa, tun kafin a buga ƙusar farko.

Itatuwan da ake so su ne masu tauri, irin su maɗaci da kawo, da loko da ake kawowa daga kudu. Kowannensu idan an sare shi cike yake da ruwa iri biyu. Akwai wanda ke kwance cikin ƙananan ƙofofin icen, wannan yana fita ba tare da katako ya sauya girma ba. Akwai kuma wanda ke maƙale a jikin naman icen kansa. Sai danshi ya sauko zuwa wajen kashi 30 cikin ɗari sannan na biyun ke fara fita, daga nan ne katako ke soma tsukewa. Tsukewar kuma ba daidai take ba: ta gefen da ya bi zoben ice takan kai kusan ninki biyu na ta ɗaya gefen, a tsawo kuwa kusan babu. Dalilin kantarewar falanki ke nan.

Ruwan ciki a hankali yake tsattsafowa, daga inda ya fi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci, har ya iso fata iska ta ɗauke shi. Shi ya sa falanki mai kauri inci biyu ke cin kusan ninki huɗu na lokacin mai inci ɗaya. Matan da ke bandar kifi sun san wannan sarai: idan wuta ta yi yawa, bayan kifi ya ƙeƙashe, cikinsa na nan ɗanye, kwana kaɗan ya lalace. Fatar katako ma idan ta riga ciki bushewa, tana son tsukewa ciki ya hana ta, sai ta tsage. Bakin falanki ya fi saurin darewa, domin ruwa na bin tsawon ice da saurin da ya ninka na gefe sau goma ko fiye.

Sauran aikin na iska ne, iskar Yauri kuwa ba ta da hali guda. Da hunturu, laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, irin yanayin da ke janye danshin katako har ya koma kashi 4 ko 5. Ɗanyen maɗaci da aka bari a fili a watan Janairu, kafin mako ya zagayo an ga tsaga a jikinsa. A watan Agusta kuma laima kan haura kashi 80, katako ya tsaya a wajen kashi 16, funfuna ta samu wurin zama. Saboda haka gwanin sana'a yakan tare iska da zana ko buhu a hunturu don ya rage mata kaifi, da damina kuma ya buɗe ko'ina ta ratsa.

Jeren ma da ƙa'idarsa. Ana ɗaga katako daga ƙasa a kan duwatsu ko bulo saboda gara da damshin ƙasa, nesa da inda ruwa ke kaiwa, domin tafkin na cika da farin ruwa a ƙarshen damina, baƙin ruwa kuma ya iso daga tsaunukan Gini cikin hunturu. Tsakanin kowane falanki da ɗan'uwansa ana gitta busassun sanduna masu kauri ɗaya, kowace a saitin ta ƙasanta. A shafe bakunan da fenti ko kwalta, a ɗora nauyi a sama, a rufe daga rana.

Bushewar da kafintan ƙofa ke nema daban take da ta mai jirgi. Ƙofar da aka yi da katakon damina, hunturu na zuwa za ta buɗe baki. Mai jirgi kuwa matsakaiciyar bushewa yake so, yadda idan jirgi ya shiga ruwa falankai za su kumbura su matse juna, su toshe kafa. In sun bushe fiye da kima, kumburin na iya bankare su. In kuma ɗanyu ne, na saman da rana ke duka za su tsuke, ƙusa ta saki, yaron jirgi ya wuni yana kwarfar ruwa.

Abin da ke karya wannan ƙa'ida shi ne kuɗi. Mai jirgi ya ba da kafin alƙalami yana son kayansa kafin kakar albasa, mai haɗawa kuma ba shi da jarin da zai ajiye katako wata da watanni. Icen kirki ma ya yi tsada. Yadda aka yi wa madobiya wawa ana kai ta Sin, har aka sa ta cikin itatuwan da duniya ke taƙaita cinikinsu a 2017, ya isa ishara. Sauri kuwa, in ji Hausawa, ya haifi nawa.

Mutanen Ngaski ba su manta da 26 ga Mayu, 2021 ba, ranar da jirgin da ya nufo Wara daga jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. An danganta hatsarin da yawan lodi da tsufan jirgin. Ana ta maganar rigar ruwa da kututtukan da ke ɓoye a tafki, kuma daidai ne, amma ƙarfin jikin jirgi ma na cikin lissafi.

Gyaran bai fi ƙarfin jama'a ba. Masu haɗa jirgi na iya haɗa kai su kafa rumfa ɗaya, su sayi katako a kaka don aikin baɗi. Wanda ba shi da na'urar auna danshi, sikelin kasuwa ya ishe shi: ya ware guntun falanki, ya riƙa auna shi duk mako, ranar da nauyinsa ya daina raguwa ya daidaita da iskar wurin. Ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga kuwa, idan suna son taimakon sana'ar nan, su fara da rancen da zai bai wa mai haɗa jirgi damar jiran katakonsa ya bushe.