Mazaunin Lambar Babur a Hannun Mai Walda

Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, bayan an cire ta daga Magariya, kuma iyakarta ta kudu na manne da jihar Jigawa. A wannan yanki babur ke kai mutum gona, asibiti da kasuwa, har Maigatari ranar Alhamis. Hanyoyin ƙauye kuwa rairayi ne da gargada, shi ya sa mazaunin lambar da kamfani ke liƙawa a bayan babur ba ya daɗewa. Lambar ba ta da nauyi. Girgiza ce ke cin ƙarfen daga bakin huji har ya tsage. Lamba ta faɗi a daji, sai mai babur ya shiga bayani gaban jandarmomi, ko da takardunsa cikakku ne.

A nan mai walda ke shigowa. Yakan yanko shafaffen ƙarfe mai kaurin milimita 3, ya ɗora lambar a kai ya yi alamar hujinta, ya huda daidai noti mai milimita 6, wanda sifana mai lamba 10 ke ɗaurewa. Sai ya lanƙwasa hannu biyu da za su kama jikin babur a ƙarƙashin fitilar baya. Gwani yakan gajarta hannayen, domin dogon hannu ya fi karkarwa, kuma ya fi saurin karyewa a bakin walda. Yakan yanka tsohon tub ya sa tsakanin lamba da ƙarfe don robar ta shanye girgiza, sannan ya ɗaura noti biyu a kan juna kada su kwance.

Masu gaggawa kan ce a manna lambar da wuta kawai. Wannan ɓarna ce: fenti ya ƙone, haruffa su dusashe, cirewa kuma sai da guduma. In dole a yi walda a jikin babur, a fara cire wayar batir, a nisanta jarkokin fetur, waɗanda ba a rasa su a garin kan iyaka.

Akwai gwajin da almajiran walda ke mantawa. Babur marar kaya yana tsaye da tsawonsa, amma in ɗan kabu-kabu ya ɗora buhun gero da fasinja, baya kan nutse har taya ta kusa lasar lamba. Don haka mai walda kan ce wa mai babur, "Malam, hau da yaronka mu gani," ya duba ko akwai tazarar yatsu huɗu, ya tabbata fitilar baya na haska haruffan, kafin ya shafa fenti saboda tsatsar damina.