Koyon sana'a a Maraɗi: ina kuɗin ke fitowa, wa ke bin sawunsu?

Duk wanda ya ratsa garejojin Maraɗi da safe zai tarar da yara matasa, hannu duk baƙin mai, suna miƙa wa maigida sufana. Haka abin yake wurin teloli, masu walda da masu aikin katako. Tun kafin zuwan lakkwal, ta wannan hanya ce sana'a ke wucewa daga babba zuwa yaro. Amma yau yawan matasa ya fi ƙarfin masu gida: ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 3 a jahar Maraɗi, kuma kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. Akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a cikin birni, akwai kuma cibiyoyin koyon sana'a na CFM da aka baza cikin kwaminoni domin yaran da suka bar lakkwal ko ba su taɓa shiga ba. A 2007 an kafa asusun tallafa wa koyon sana'a, wanda aka sani da FAFPA. Aikinsa shi ne biyan kuɗin horo, sau da yawa ta hanyar raba lokacin yaro tsakanin aji da shagon maigida.

To, ina kuɗin ke fitowa? Ƙofa biyu ce. Ta farko ita ce lanhon koyon sana'a, wanda kamfanoni da ƴan kasuwa masu ma'aikata ke biya bisa albashin da suke bayarwa. Wannan kuɗi baitulmali yake fara shiga, kuma an daɗe ana kukan cewa abin da ke isa asusun bai kai abin da aka karɓa ba. Ƙofa ta biyu ita ce ta abokan arziki na waje. A 2013 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 30 domin tsarin PRODEC, ƙasar Suwis kuwa ta tallafa wa horon matasan karkara a jahohin Doso da Maraɗi. Sai dai masu iya magana sun ce kwai a baka ya fi kaza a akurki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Bankin Duniya da Tarayyar Turai sun dakatar da wani sashe na tallafinsu, aka ga yadda dogaro da aljihun wani yake da haɗari.

Abin da ya fi damun mai lura shi ne ma'aunin da ake auna nasara da shi. Rahotanni sukan faɗi yara nawa aka horar, takardun shaida nawa aka raba, kekunan ɗinki nawa aka miƙa ranar biki. Tambayar da ta fi nauyi ita ce: bayan shekara guda, nawa ne ke ci da sana'ar? Nawa suka sayar da kayan aikin suka koma kabu-kabu, ko suka tsallaka Jibiya neman na tuwo?

Mu ɗauki Jiratawa misali. Filin noman rani na can, mai fiye da eka 500, da rijiyoyin burtsatse da famfunan lantarki yake rayuwa. Famfo ɗaya in ya tsaya, manoma da yawa ke kwana cikin zullumi. A fadamar Tibirin Gobir ma masu lambu da injin ban ruwa suke aiki. Ashe wuraren nan sun fi bukatar masu gyaran famfo da masu sarrafa zogala da tumatir, fiye da ƙarin teloli a kasuwar da ta riga ta cika. Horon da bai tambayi kasuwa ba, asarar kuɗin jama'a ne.

Saboda haka magana ta dawo gare ku, masu karatu. Alhazan kasuwa, ku ke biyan lanhon, kuma ku ne za ku ɗauki yaran aiki; haƙƙinku ne ku nemi a bayyana kowace shekara nawa aka tara, nawa ya iso Maraɗi. Ma'aikatan gwamnati kuwa, bincike ba ya ƙarewa a kan takarda cikin biro: sai an taka zuwa shago an ga yaron da ido, an ji ta bakin maigidansa. Ƙungiyoyin masu sana'ar hannu su ma a ba su kujera tun lokacin zaɓen sana'ar da za a koyar.

Dukiyar jama'a amana ce, ƙuruciyar yaro kuma ba ta dawowa. Allah ya sa mu gane.